Horo a Ikkilisiya: Laifi Muke Aunawa ko Abin Kunya?

Duk wanda ya saba zuwa sujada a Sabon Tasha, Narayi, Kakuri ko Television a garin Kaduna ya san irin wannan sanarwa. Bayan an gama ta Zumuntar Mata da ta gudummawar gini, sai magatakarda ya sassauta murya ya ce dattawa sun zauna, an sa 'yar'uwa wance a horo. Ba a faɗin dalili, don kowa ya riga ya gani, ciki ya fito. Daga ranar ta bar cikin mawaƙa, ta koma bencin baya, ba ta cin Jibin Ubangiji. Wanda ya yi cikin kuwa sau da yawa ba a jin sunansa, ko don a wata ikkilisiya yake, ko don ya musa, ko don ɗan wani ne. A wannan benci ba kasafai za ka tarar da wanda ya riƙe albashin yaran shagonsa wata uku ba, ko wanda ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko mai dukan matarsa ƙofa a kulle.

Abin da nake gani shi ne mun bar kunya ta zama ma'aunin zunubi. Abin da ya fito fili ya zubar mana da mutunci, shi muke hukuntawa. Littafi Mai Tsarki kuwa da alhaki yake awo: wa ya yi, me ya yi, wa ya cuta, me ya wajaba ya mayar. Duk inda aka rikita waɗannan biyu, mai laifin da ya iya ɓoyo yakan tsira, wanda aka kama yakan sha fiye da laifinsa, wanda aka zalunta kuma a ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Ba raina kunya nake yi ba. Gidan da yara ba su da ta ido ba ya daɗin zama, kuma kunya takan riƙe hannun mutum tun kafin ya tuna da wata aya. Annabi Irmiya ma, da zai nuna yadda mutanensa suka lalace, cewa ya yi suna aikata abin ƙyama ko kunya ba sa ji (Irmiya 6:15). Sai dai iyakar kunya ido ne, tambayarta kullum "wa ya gani?" Lamiri kuma tambayarsa "me na yi?" Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe su. Mutum ya ɗauka an tabbatar masa har abada babu wanda zai sani. Damuwar da ta gushe da jin haka, kunya ce. Wadda ta rage tana ci masa rai, ita ce laifi, kuma ita ce Allah yake magana a kanta.

Sarakuna biyu sun nuna bambancin. A 1 Sama'ila 15 Shawulu ya ce "na yi zunubi" har sau biyu. Karo na farko ya haɗa da cewa tsoron jama'a ya ji. Karo na biyu ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan Isra'ila. Hankalinsa yana kan yadda za a dube shi. Dawuda kuma, da Natan ya ce masa "kai ne mutumin," ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara komai ba (2 Sama'ila 12:13). Amma a duba abin da ya yi kafin wannan rana. Da Batsheba ta aiko cewa tana da ciki, ya kira mijinta Uriya daga bakin daga don ya kwana a gida, ya ba shi abin sha har ya bugu, da duk suka ƙi ci sai ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab shugaban yaƙi da hannunsa. Neman rufin asiri ne ya ɗauke shi daga zina ya kai shi kisan kai. Hausawa suka ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma har yau haka take: zubar da ciki a bayan kemis, rantsuwar ƙarya gaban dattawa, canza lissafi a littafin ma'aji, yawanci zunubi na biyu ne da aka yi don binne na farko. Ikkilisiyar da ta mai da tonon asiri shi ne hukunci mafi girma tana tura 'ya'yanta wannan hanya ko da ba ta nufa ba.

Hanya ta biyu ta guje wa alhaki ita ce a tura shi wani wuri. Adamu ya ce matar da Allah ya ba shi ce, Hawwa'u ta ce maciji ne (Farawa 3:12-13). Haruna ya ce ya jefa zinariya a wuta ne kawai sai ga ɗan maraƙi ya fito (Fitowa 32:24). Namu na yau shi ne "sharrin Shaiɗan ne," ko "kuskure aka samu," ko "halin ƙasa ne ya jawo." Jaraba gaskiya ce, talauci ma gaskiya ne, kuma dattijo mai hikima zai sa su a lissafi lokacin da yake auna nauyin abin. Amma Yakubu 1:14-15 ya ce sha'awar mutum ce take jansa, ta ɗauki ciki ta haifi zunubi. Shaiɗan yakan yi tayi, hannun da ya miƙa ya karɓa na mutum ne.

To yaya furta zunubi na gaskiya yake? Ya ƙunshi sunan abin da aka yi, ba "in na ɓata maka rai" ba. Ya ƙunshi "ni" a matsayin mai yi. Ya ambaci ɓarnar da abin ya jawo wa ɗayan. Ba ya ɗauke da "amma." Yana zuwa da abin da za a yi a gyara, kuma yana barin wanda aka cuta ya amsa a lokacinsa, ba a tsare shi da "ai kai Kirista ne, dole ka yafe yanzu." Misali, ma'aji ya tsaya gaban kwamiti ya ce: "Baba Fasto, iyayena dattawa, ni ne na ɗauki kuɗin gini a watan Maris, na kuma rubuta ƙarya a littafi don kada a gane. Saboda ni aka dakatar da aikin rufi, aka kuma zargi ɗan'uwanmu magini. Ga yadda zan biya." Wannan ya bambanta ƙwarai da hawaye da durƙuso da "a yi mini aikin gafara, ajizi ne ɗan Adam," wanda kan taɓa zuciyar masu ji amma bai faɗi komai ba.

Kowace ɗarika tana da abin da ta riƙe a nan. 'Yan Angalikan suna furta zunubi tare a sujada, suna ambaton abin da suka yi da abin da ya kamata su yi suka bari, kuma wannan kashi na biyu muna yawan mantawa da shi. Katolika suna furtawa gaban Fada, wato firist ɗinsu, kuma koyarwarsu ta ce babban zunubi yana da sharaɗi uku: abin ya zama mai nauyi, mutum ya san haka sarai, ya kuma yi da yardar kansa. Ko dattijon ECWA, Baptist ko HEKAN da ba ya bin tsarin Katolika zai amfana da waɗannan tambayoyi uku kafin ya yanke hukunci, musamman ta ƙarshen. Yarinyar da malaminta ya tilasta mata da barazanar kayar da ita jarrabawa, da wadda ta je da ƙafarta, ba shari'a ɗaya ba ce.

Inda muka fi rauni shi ne mayar da haƙƙi. Mun koyi cewa gafara kyauta ce, jinin Almasihu ne ya biya, kuma haka ne, ba mai sayen ta da kuɗi. Amma gafarar Allah ba ta mayar wa gwauruwa kuɗin adashenta. Littafin Firistoci 6:1-7 ya jera laifuffukan da har yau su ne a gabanmu: cin amanar ajiya, riƙe jingina, ƙwace, zalunci, tsintuwar da aka musa, rantsuwar ƙarya. Umarnin shi ne a mayar da abin cif, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, a ba mai shi, sa'an nan a kawo ragon hadaya. Maƙwabci tukuna, bagade daga baya. Yesu bai soke wannan jeri ba, ya ƙarfafa shi ne da ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon a gaban bagade ya je su shirya (Matiyu 5:23-24). Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata, kuma a nan ne Yesu ya ce ceto ya zo gidan (Luka 19:8-9).

A aikace, wanda ya ci naira 300,000 na gini zai ƙara 60,000, ya zama 360,000. In ba shi da su a dunƙule, a rubuta 30,000 duk wata har wata 12, da sa hannun shaidu biyu, a riƙa biya ta asusun ikkilisiya don a sami shaida, ba hannu da hannu ba. Ban ce kashi ɗaya cikin biyar doka ce a kan Kirista ba, amma hikimar da ke ciki tana nan: mai abu ya yi asarar amfaninsa tsawon lokacin da yake hannunka. A zamanin da kaya suke tashi kullum ma, adalci ya fi haka. Kuɗin da aka ɗauka a 2020 ba zai sayi simintin da zai saya a lokacin ba, don haka in na siminti ne, a ƙirga da buhu. In ba a san inda mai haƙƙi yake ba a neme shi da gaske. In ya rasu a ba magadansa. Sai in babu magaji ne Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce a kai wa Ubangiji. Zuba kuɗin sata a baikon godiya alhali mai su yana Ungwan Romi da ransa, ba tuba ba ne.

Ba kuɗi kaɗai ake mayarwa ba. Wanda ya ɓata sunan wata a zauren WhatsApp na matasa, a wannan zauren zai janye maganar, da sunansa, ba a saƙon sirri ba. Wanda ya yi wa yarinya ciki, mayar da haƙƙinsa shi ne ya amsa ɗan, ya ɗauki kuɗin awo da na haihuwa da na makaranta, a rubuce. Tilasta musu aure don a rufe bakin unguwa ba gyara ba ne, sau da yawa sabuwar cuta ce ake ƙullawa. Wanda ya ci amanar aure, cikin haƙƙin matarsa ko mijinta har da zuwa gwajin ƙanjamau kafin a koma shimfiɗa ɗaya.

Sai tambayar wa za a gaya wa. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce furci ya kai iyakar inda ɓarnar ta kai. Zunubin zuciya tsakaninka da Allah ne, ko da wani amintacce ɗaya da zai yi maka addu'a (Yakubu 5:16). Zuwa ka gaya wa matar wani cewa ka daɗe kana sha'awarta sauke kayanka ne a kanta. Zunubin da ya cuci mutum ɗaya, wurinsa za a je. Wanda ya shafi jama'a, kamar kuɗin ikkilisiya, jama'a ce za ta ji. Matiyu 18:15-17 ya bi wannan tsari daga ɗaya gefen: ku biyu tukuna, in ya ƙi sai da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai ikkilisiya. A lura, abin da ke kai magana mataki na gaba shi ne ƙin ji, ba girman surutun da ake yi a unguwa ba. Mu kuma mukan tsallake biyun farko mu faɗa na uku, har ga wanda ya riga ya zo da kansa yana kuka.

Wannan ya jawo maganar riƙon asiri. Fada ba shi da izinin faɗin abin da ya ji a wurin furta zunubi ko da za a kashe shi. Yawancin sauran ɗariku ba su da doka mai tsauri haka, shi ya sa ya kamata kowane fasto ya faɗi iyakarsa tun kafin mutum ya buɗe baki: "Ɗana, abin da za ka gaya mini ba zai wuce ɗakin nan ba, ko Mama ba za ta ji ba, sai fa in akwai yaro ko wani rai da ke cikin haɗari." Fasto ɗaya da ya mai da asirin wani misalin wa'azi, ko da bai kama suna ba, ya rufe bakin ikkilisiyarsa na shekaru.

Horo kansa yana da tushe a Littafi, kuma ikkilisiyar da ta daina shi gaba ɗaya ta daina kula ne. Inda yake lalacewa sananne ne. Yakan faɗa kan mace ya bar namiji, alhali Littafin Firistoci 20:10 su biyun ya ambata, kuma waɗanda suka kawo wa Yesu mace ita kaɗai a Yahaya 8 sun watse ɗaya bayan ɗaya. Yahuza ya ce a fito da surukarsa Tamar a ƙone ta saboda ciki, sai ta aiko masa da hatiminsa da sandarsa, ya ce ta fi shi gaskiya (Farawa 38:24-26). Yakan tsallake mai hannu da shuni da shugaba, alhali Bulus ya ce dattijon da aka tabbatar da laifinsa ta bakin shaidu biyu ko uku a tsauta masa a gaban kowa, kada a yi son kai (1 Timoti 5:19-21). Yakan kuma zo ba wa'adi, ba mai ziyara, ba abin da aka ce mutum ya yi. A bar shi a baya har ya gaji ya koma wata majami'a inda ba a san shi ba, ko ya daina zuwa ko'ina.

Magabata ba su yi haka ba, duk da tsananinsu. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta yanka wa waɗanda suka yi mūsun bangaskiya ba tare da an tilasta musu ba shekara 12, mataki-mataki, amma ta ce wanda ke bakin mutuwa kada a hana shi Jibin Ubangiji. Akwai wa'adi, akwai ƙofa. Dattawan yau za su iya yin abin da ya fi wannan sauƙi. A ji kowane ɓangare dabam, mace kuma a ji ta tare da wata uwa daga Zumuntar Mata, ba ita kaɗai gaban maza bakwai ba. In namijin ɗan wata ikkilisiya ne a rubuta wa shugabanninsa. A rubuta abin da ake jira a gani da ranar da za a sake zama. A naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda zai riƙa zuwa gidan duk mako, domin Galatiyawa 6:1 cewa ya yi a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, kuma ba a komo da mutum daga nesa. Ranar da wa'adi ya cika a karɓe shi a fili kamar yadda aka dakatar da shi a fili, a kuma daina maganar. Bulus, wanda ya matsa a hori mai laifi a Koranti, shi ne ya rubuta cewa hukuncin ya isa, a yafe masa a ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8).

Akwai kuma masu ɗauke da kunya ba su da laifi ko kaɗan, kuma a nan kuskurenmu ya fi muni. Da Amnon ɗan Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, tambayarta ita ce ina za ta kai kunyarta. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru, ai Amnon ɗan'uwanta ne. Dawuda ya ji ya husata, bai yi komai ba. Ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice, bayan shekara biyu kuma aka zubar da jini (2 Sama'ila 13). Wannan "yi shiru" shi ne abin da ake gaya wa yara mata, da yara maza ma, a gidaje da yawa har yau, don kada sunan gida ya ɓaci, ko na majami'a, ko kada ta rasa miji. Shari'ar Musa ta ce yarinyar da aka fi ƙarfinta kada a yi mata komai, ta kwatanta abin da wanda aka tasam masa aka kashe (Maimaitawar Shari'a 22:25-27). Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da abin tuba, ba a sa ta a horo, ba a tambayarta irin kayan da ta sa.

Abin yi a irin wannan hali yana da lokaci. A kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In zai yiwu kada ta yi wanka tukuna, kada a wanke kayan da ke jikinta, a naɗe su a takarda, ba a leda ba. Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama don wannan aiki a asibitocin gwamnati na Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan. A kuma sanar da hukuma. Tun Satumba 2020 dokar jihar ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da ɗaurin rai-da-rai kuma in wanda aka yi wa ya haura haka. Tsananin hukuncin yakan sa dangi su ruga wurin fasto a sasanta a gida. Kwamitin dattawa ba kotu ba ne, ba shi da ikon yafe laifin da aka yi wa yarinya a madadinta. Mai laifin zai iya tuba Allah ya gafarta masa, fasto ya riƙa ziyartarsa a gidan yari, amma Romawa 13:4 ya ba mahukunta aikinsu, kuma tuban da sharaɗinsa shi ne kada 'yan sanda su ji, irin na Shawulu ne.

Wasu kuma laifin nasu ne, sun furta, sun biya, amma nauyin ya ƙi sauka. Yahuza Iskariyoti ya ce ya yi zunubi, ya mayar da azurfa talatin, manyan firistoci suka ce masa ina ruwansu, ya fita ya rataye kansa (Matiyu 27:3-5). Bitrus ya yi mūsun Yesu sau uku, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumaki (Yahaya 21:15-17). Bulus ya ambaci baƙin ciki iri biyu, mai kai ga tuba da mai kai ga mutuwa (2 Korantiyawa 7:10). Ana gane su da wannan: tsautawar Ruhu Mai Tsarki takan nuna abu takamaimai da abin yi a kai, in an yi kuma ta lafa. Muryar da ke cewa "kai ba komai ba ne, ba ka gyaruwa," ba ta nuna abin yi, daga Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa take. Amsarta ita ce 1 Yahaya 1:9 da Romawa 8:1, da kuma Almasihu da aka tuɓe a bainar jama'a ya jure gicciye bai mai da kunyarsa komai ba (Ibraniyawa 12:2). Amma in mutum ya wuce mako biyu ba barci ba cin abinci, ya janye daga mutane, yana maganar gara ya mutu, addu'a ta tafi tare da likita. A kawar da fiya-fiya da duk maganin ƙwari daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Saura alhakin da ake cewa gado ne. Mutanen zamanin Ezekiyel suna da karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce a daina faɗinsa: wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba (Ezekiyel 18:2-4, 20). Masu wa'azin la'anar gado sukan kawo Fitowa 20:5, tsara ta uku da ta huɗu, su manta ayar ta ce na waɗanda suke ƙin Allah. Gaskiya ne ɗan mashayi yakan gaji talauci da fushi, wani lokaci har da kwalbar. Wannan sakamako ne, a yaƙe shi da tarbiyya da taimako. Laifi kuwa ba a gadonsa, kuma Ezekiyel 18:14 ya kawo ɗan da ya ga duk abin da ubansa ya yi ya ƙi bi. Koyarwar la'anar gado tana cuta ta fuska biyu: tana sa marar laifi ya yi ta biyan kuɗin addu'ar karya abin da Galatiyawa 3:13 ya ce Almasihu ya riga ya ɗauke, tana kuma ba mazinaci mafaka ya ce a jininsu yake. Haka yaron da aka haifa ba aure. Yefta ɗan karuwa ne, 'yan'uwansa suka kore shi, sunansa kuma yana cikin jaruman bangaskiya a Ibraniyawa 11:32. Hana irin wannan yaro albarka a gaban ikkilisiya hukunta shi ne a kan abin da bai yi ba.

A Kaduna wannan aya ta Ezekiyel ba ta tsaya a cikin gida ba. Rikice-rikicen Fabrairu 2000, Nuwamba 2002 da Afrilu 2011 sun bar mana gari da kogi ya raba, kowa ya koma inda nasa suke. Kiristoci sun binne 'yan'uwa, an ƙone majami'u, ƙauyukan kudancin jihar sun sha hari, kuma ba wanda zai ce wannan ciwo ƙarya ne. Amma ramuwar gayya a kan matafiyi da aka tare a hanya, ko mai shayi, ko ɗan acaɓa, don kawai sunansa ya yi kama da na waɗanda suka yi ɓarna a wani wuri, ita ce ainihin abin da Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana, kowa a kan nasa laifi za a kama shi. Sarki Amaziya ya kashe waɗanda suka kashe ubansa ya bar 'ya'yansu saboda wannan doka (2 Sarakuna 14:6). Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da ƙa'idar a Alƙur'ani, cewa babu rai da zai ɗauki nauyin wani. Taron jama'a kuma ba ya narkar da alhaki. Fitowa 23:2 ta ce kada a bi taro a yi mugunta, Romawa 14:12 ta ce kowannenmu zai ba da lissafin kansa. Wanda ya ɗauko fetur, da wanda ya nuna gida, da wanda ya tura hoton ƙarya a waya, kowa da nasa kason. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Irin wannan zunubi ba ya jawo kunya a unguwa, wani lokaci ma yabo yake jawowa, shi ya sa ba a taɓa jin an sa kowa a horo dominsa. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a faɗan 1992, ya sha faɗa a fili cewa shi ma yana cikin masu ɗaukar makami, kuma daga 1995 shi da Imam Muhammad Ashafa suka shiga aikin sulhu tare. Ya nuna abin mai yiwuwa ne. Akwai gidajen da har yanzu suke da keken ɗinki, ko firji, ko kwanon rufi da aka kwaso daga shagon wanda ya gudu. Akwai filayen da aka shiga don mai su ba zai iya dawowa ya tambaya ba. Dokar Littafin Firistoci 6 ba ta ce sai mai abin ɗan ikkilisiya ne ba. Wanda ke riƙe da irin wannan ya je wurin fastonsa, fasto ya nemi mai unguwa ko limamin inda mutumin ya koma, a Rigasa ne ko Tudun Wada ko Kawo, a kimanta abin da kuɗin yau, a biya shi ko magadansa a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu.